Gwamnati ba ta san da zamanka ba, Alhaji

Wani mai sayar da rodi da kwanon rufi a kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano, ya aiko da tambaya. Ɗan baffansa ya samu kwangilar gina ajujuwa daga gwamnati, yana so mai rodin ya ba shi kayan naira miliyan 18, ya kuma kama aikin rufin, a biya shi da ribar miliyan 4 "da zarar an saki kuɗi". Ba su rubuta komai ba, wai gida ɗaya suke. Shin ya shiga?

Alhaji, a haka kada ka shiga. Kana ta maganar "kuɗin gwamnati" kamar ita za ta biya ka. Sunan da ke kan takardar kwangila shi kaɗai ma'aikatar ta sani, asusunsa kuɗi zai faɗa. Ran da ya ci kuɗinka, ko ka kwana a Sakatariyar Audu Bako, inda ma'aikatun jihar Kano suke, ba mai sauraronka. Ɗan baffanka kake bi bashi, kuma bashin baki.

Ka ce ya nuna maka takardar ba shi aikin da yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ainihinsu, ba hoto a WhatsApp ba. Kai wa lauya. Galibi akwai sharaɗin cewa ba a miƙa wa wani ɓangaren aiki sai da amincewar ma'aikata a rubuce. In babu wannan, injiniya na iya korar leburorinka daga wajen aiki. Duba kuma jadawalin kayan aiki: in an rubuta kwano mai kaurin milimita 0.55 kai ka kai 0.45, ko rodi mai milimita 12 ka kai 10, za a ƙi sa hannu, asarar kuma taka ce.

Sai tambayar da ba zai so ba: ina kuɗin kafin alƙalami? A kwangilar tarayya dokar ba da kwangila ta 2007 ta kayyade shi kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin aikin, gyaran 2020 ya kai shi 30. Jiha na da nata tsarin, ka nemi sani. In ya karɓa amma yana neman kayanka bashi, to kuɗin ya tafi mota ko tsohon bashi. An sha ganin haka: mai kaya ya kwashe rumfarsa, gini ya kai linta ya tsaya, gwamnati ta canza, fayil ya yi shekara biyu a kabad.

Miliyan 4 ɗin nan ma ba ta kai haka ba. Ana cire haraji tun kafin kuɗi ya fito, ana kuma riƙe wajen kashi 5 sai an ga aikin bai nuna aibu ba, wata shida ko shekara. Shi kuma kanka zai sauke wannan. Ƙara da tashin farashin rodi kafin a biya ka.

In dole sai ka yi, ku rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu biyu, da sunan kamfaninka mai rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da lambar haraji. Ya ba ka kashi 30 zuwa 40 kafin mota ta tashi. Ka raba kayan kashi uku, ba ka sakin na biyu sai an biya na farko. Kowace mota a ƙirga, mai kula da wurin ya sa hannu da kwanan wata. A sa ranar biya takamaimai, kalmar "in gwamnati ta biya" kada ta shiga takardar. Ya kuma ba bankinsa umarni a rubuce, wanda ba ya janyuwa, cewa kasonka ya wuce asusunka kai tsaye.

In ya ce takarda rashin yarda ce, ka karanta masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, ka sayar masa kuɗi hannu.