Me zan kashe, me zan bari a kunne?

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka cire alamun da ke cikin akwatin Windows Features, inda ake kunna ko kashe wasu sassan Windows, alhali mai kwamfutar ya ce ta yi nauyi, kai kuma kana so ka rage mata kaya. To, nauyin ba a nan yake ba. Yawancin abin da ke cikin wannan akwati kwance yake, ba ya cin komai sai an kira shi. Ka cire .NET Framework 3.5, ko kaɗan ba za ta ƙara gudu ba, amma gobe tsohuwar manhajar lissafin da mutumin yake aiki da ita ta ƙi buɗewa, ya dawo yana cewa mun ɓata masa na'ura.

In gudu kake nema, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba Startup. Nan za ka ga manhajojin da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, kowace da nauyinta a rubuce a gefe. Kashe wadda ba a buƙata. Ba gogewa ka yi ba, hana ta sammako kawai ka yi, in an danna ta za ta buɗe. Na tsaro da na sauti dai ka ƙyale su.

Wanda nake so ka gane sosai shi ne Fast Startup, tsarin da ke sa kwamfuta ta tashi da sauri. Tun Windows 8, a 2012, in aka danna Shut down kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana tattara zuciyar Windows da direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da sassan na'ura, ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys, in an kunna ta ɗauko su yadda ta ajiye. Shi ya sa mutum zai rantse maka kullum dare sai ya kashe ta, ka duba Up time a Task Manager ka ga kwanaki sun taru. Direban da ya rikice jiya, da rikicinsa zai tashi yau. Restart ne ke farawa daga tushe, don haka shi za ka fara gwadawa kafin ka kwance ko noti ɗaya. Ni dai in kwamfuta tana da SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, kashe Fast Startup nake yi, don daƙiƙun da yake ragewa ba su kai ciwon kansa ba. Mai tsohon hadis (hard disk) mai juyawa kuwa ina bar mata, sai in akwai Linux a gefe. Fast Startup ɗin yana cikin Power Options, wurin da ake zaɓar aikin maɓallin wuta, kuma za ka tarar da shi a dushe sai ka danna rubutun da ke sama ka ba da izinin mai gudanarwa.

Kunnawa ma tana da nata haɗari. Wani zai zo da tsohuwar firinta, ya ce an gaya masa a kunna SMB 1.0, tsohuwar hanyar raba fayiloli da firinta tsakanin kwamfutoci. Ta wannan ƙofar muguwar manhajar WannaCry mai kulle fayiloli ta shiga a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, kuma daga ƙarshen 2017 ɗin Microsoft ta fara janye SMB 1.0 daga Windows 10. Kada ka kunna sai ka kira ni.

Sai BIOS, saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kafin ka taɓa Secure Boot ko TPM, saitunan tsaro da ke cikinsa, buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta manage-bde -status. In BitLocker, makullin hadis na Windows, a kunne yake, ka dakatar da shi tukuna, in ba haka ba kana iya sake kunnawa ka ci karo da shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lamba 48. Masu sababbin kwamfutoci da yawa ba su ma san an kulle musu hadis ba. Mabuɗin galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita, sa shi ya buɗe a wayarsa ka gani da idonka. In babu shi, fayilolinsa sun tafi, ni ma ba abin da zan iya.

Yanzu koma kan wadda ke gabanka. Yi mata restore point, wato ajiye saitunanta na yanzu don a iya komawa, ka kashe abu ɗaya, ka yi Restart, ka rubuta abin da ka taɓa a takardar aikin, sannan ka matsa zuwa na biyu.