Wa ke zaɓen magajin gari: jama'a ko kansiloli?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce akwai ƙasashen da mutanen ƙaramin gari ba sa jefa wa magajin garinsu ƙuri'a, kansiloli ne ke zama su fitar da shi. Shin haka ne? In haka ne, mene ne amfanin fita zaɓen?

Amsa: Malama, barkanmu dai. Abin da kika ji gaskiya ne, amma ba ko'ina ba. Kowace ƙasa da irin tata dokar, kuma a Amurka ma garuruwa biyu maƙwabta na iya bin tsari daban.

Mu fara da Faransa, domin can ne abin da kika tambaya ya fi fitowa fili. Ƙasar tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, mafi yawansu ƙauyuka ne, kuma kowace tana da majalisa da magajin gari. Duk shekara 6 ake zaɓe. Yawan kujeru ya danganta da yawan mutane: ƙauyen da bai kai mutum 100 ba kujera 7 gare shi, mai 100 zuwa 499 yana da 11, mai 500 zuwa 1,499 kuma 15. Mai zaɓe ba mutum ɗaya yake zaɓa ba, jerin sunaye yake ɗauka, wanda aka jera namiji da mace bi da bi. Jerin da ya zo na ɗaya ana fara ba shi rabin kujeru, sauran rabin a raba gwargwadon ƙuri'u, shi ma da kasonsa a ciki. A da, a ƙauyukan da ba su kai mutum 1,000 ba, mai zaɓe kan soke sunan wanda bai yi masa ba ya rubuta wani a gurbinsa, sai wata doka ta 2025 ta kawar da wannan.

To bayan an sanar da sakamako, tsakanin Juma'a da Lahadin da ke biye, sababbin kansiloli za su yi zamansu na farko. Wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu shi ke jan zaman. Kowa ya rubuta suna a takarda, ya ninke, ya jefa a akwati, a juye a ƙirga a gaban mutanen gari da suka zo kallo. A zagaye na farko da na biyu sai ɗan takara ya haura rabi. A na uku, wanda ya fi yawa ya ci. Idan aka yi kunnen doki, wanda ya girmi ɗan'uwansa shi ne magajin gari.

Kada ki ɗauka an yi wa jama'a rufa-rufa a nan. Kusan kullum wanda sunansa ke kan gaba a jerin da ya yi nasara shi ake naɗawa, kuma kowa ya san haka tun lokacin yaƙin neman zaɓe. Ƙuri'arki ce ta kawo masu zaɓen nasa, kuma ya hau kujera yana da rinjayen da zai amince masa da kasafin kuɗi.

Italiya ta bi wata hanya tun 1993. Jama'a ne ke zaɓen magajin gari kai tsaye, wa'adin shekara 5. A garin da bai wuce mutum 15,000 ba zagaye ɗaya ake yi, kuma jerin da ke tare da wanda ya ci yana kwashe kashi biyu bisa uku na kujeru. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, idan kansiloli suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, su ma majalisarsu ta rushe, kowa ya koma gaban masu zaɓe. Don haka ba wanda ke tsige shugaba saboda fushin dare ɗaya. A Ingila kuwa, a mafi yawan garuruwa, kansiloli ne ke ɗaukar ɗaya daga cikinsu ya riƙe muƙamin na shekara ɗaya, aikinsa jan zama da halartar bukukuwa.

A Amurka akwai garin da magajin gari ne mai wuƙa da nama, shi ke naɗa shugabannin sassa ya tsara kasafi. Akwai kuma inda majalisa ke ɗaukar ƙwararren manaja ta biya shi albashi ya tafiyar da gari, ta sallame shi in bai yi ba. Garin Staunton na jihar Bajiniya ya fara ɗaukar irin wannan manaja a 1908. A ƙananan garuruwa da yawa ba a ma rubuta sunan jam'iyya a takardar zaɓe.

Akwai abu ɗaya da nake so ki lura da shi, domin mutane kan tsallake shi: yadda ake raba kujerun kansiloli. Idan aka yanka gari mazaɓa-mazaɓa, kowace unguwa tana da wanda za ta buga wa ƙofa idan famfo ya ƙafe ko magudanar ruwa ta toshe. Idan kuwa duk gari ne ke zaɓen dukan kansiloli a dunƙule, ɓangaren da ya fi yawa na iya cinye kujerun kaf, 'yan tsiraru su tashi ba ko ɗaya. An sha kai wannan ƙara kotu a Amurka ƙarƙashin dokar 'yancin zaɓe ta 1965, aka tilasta wa garuruwa komawa tsarin mazaɓu.

A ganina, Malama, ƙuri'ar kansila ta fi ta magajin gari nauyi a ƙaramin gari, ko da kuwa kai tsaye ake zaɓensa. Harajin gari da kuɗin gyaran hanya duk sai sun bi ta hannun majalisa, kuma kujerar kansila a ƙauye ana iya cin ta da ratar ƙuri'a biyu ko uku.