Amsar Baba ga Dakta: silam a kulob da daimon bayan notiram 1

An rubuta wannan daga muryar da Baba ya turo wa zauren 'yan birij (wasan karta na mutum huɗu, biyu-biyu) na Gombe, saboda masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da dare. Dakta, ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce abokin wasanka ya buɗe da notiram 1, kiran wasa babu turom (launin da ke yanke sauran), wato maki 15 zuwa 17 a ƙirgar As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, kai kuma kana da maki 12 da kulob shida, sai ka faɗa notiram 3 kai tsaye. Kun ci 12, an rubuta muku 490, sai ga ɗaya teburin sun kira kulob 6 sun kwashi 920. Kana tambaya wai ta yaya mutum zai je silam, wato alkawarin cin 12 cikin 13, da maki 28, alhali an koya mana sai da 33.

To, 33 ɗin nan na notiram 6 ne, inda hannu biyu duk a baje suke, babu dogo babu gajere. Naka hannun ba haka yake ba. Bari in maimaita shi don waɗanda ba su zo Tumfure ranar Asabar ba. Sifed ɗaya tal, ƙarami. Hat, As da ƙanana biyu. Daimon, Sarki da ƙanana biyu. Kulob, Sarki da Sarauniya da ƙanana huɗu. Abokinka kuma yana da ƙananan sifed uku, Sarki da Sarauniya da ƙarami a hat, As da Sarauniya da ƙanana biyu a daimon, sai As da Jak da ƙarami a kulob. Maki 16 ke nan. Ƙirga da ni: kulob shida, hat uku, daimon uku, goma sha biyu cif. Sifed ɗaya za a ba su, na biyun ka yanke da turom, shi ke nan.

Kuma Dakta, ka yi haƙuri in faɗa maka, 490 ɗin ma sa'a ce. Sifed tara ke hannun abokan hamayya, dole ɗayansu yana da aƙalla biyar. Da Hajiya, abokiyar hamayyarku, ta fara da sifed maimakon hat, da sun kwashe biyar kafin ka taɓa karta, notiram 3 ta faɗi. Wato kwantiragin da ka ɗauka shi ne tudun-mun-tsira, shi ne mai ramin.

Yanzu juya hannun abokinka kaɗan. Ɗauke Sarki da Sarauniyar hat ka mayar sifed, ƙananan uku su dawo hat. Maki 16 ɗin nan dai, ko ɗaya bai ragu ba. Amma kulob 6 ta lalace, domin suna farawa da hat, As ɗinka ya fita, kana taɓa sifed su karɓa da As su ci hat. A nan notiram 3 ce daidai, ci goma na nan a hannu. Ka ga maki ɗaya ne, wurin zamansu ne ya bambanta. Kai kaɗai ka san kana da sifed ɗaya, shi kaɗai ya san abin da ke gabansa a sifed, to in ba ka faɗa masa ba, duba zai yi?

Hanyar faɗar ita ce taransifa. Kun riga kun saba da ta Jacoby, daimon 2 na nufin hat, hat 2 na nufin sifed. Ƙara biyu a kai: sifed 2 na nufin ina da kulob shida, notiram 2 na nufin ina da daimon shida. Tsakanin kiranka da launin akwai mataki guda, saboda haka mai buɗewa na da amsa biyu, ɗaya na cewa ina son launin nan, ina da babba a ciki, ɗaya na cewa oho. Wasu na sa matakin tsakiya ya zama na so, wasu akasin haka. Ni dai ban damu da wanda kuka zaɓa ba, ku dai zauna ku yarda kafin a raba karta. Daga nan in ka sake kiran sabon launi a mataki na 3, gajere kake nunawa, ɗaya ko babu. A hannunka sai ka ce sifed 3. Mai Sarki da Sarauniyar sifed ya ce notiram 3, ka yi shiru. Mai ƙananan uku kuwa ya san duk makinsa na aiki, sai ya ce kulob 4. Duk zancen an gama shi ba a tsallake notiram 3 ba sai da dalili.

Ku ɗan jira ni in rufe ƙofa, jikoki sun cika gidan da hayaniya. Yauwa.

Me ya sa nake nanata kada a tsallake notiram 3 a banza? Lissafi ne. Kulob da daimon 20 ake ba kowane ci, notiram kuwa na farko 40, sauran 30. Kulob 5 da aka ci daidai 400 ce idan ba ku cikin ja, wato rabon da lada da tara ke ƙaruwa, da ƙarin ɗaya 420. Notiram 3 da ƙarin ɗaya kawai 430. A wasan da ake gwada tebur da tebur, wanda ya tsaya kulob 5 ya sha wahalar ci 11 kuma ya zo ƙasan kowa. Shi ya sa mutane ke tsoron ƙananan launukan nan, suna rufe ido su ce notiram 3. Na fahimci tsoron, amma 920 ai ba wasa ba ce, a ja kuma 1370.

Sai maganar tambayar As. Nan ne ni kaina na taɓa ƙonewa. Blackwood, wato notiram 4, tun 1933 ake da shi, kuma ya fi dacewa da hat da sifed. A kulob, in abokinka ya amsa hat 5, wato makullai biyu cikin biyar, As huɗu da Sarkin turom, kai kuma ɗaya gare ka, kun riga kun wuce kulob 5 kuma biyu sun ɓace. Haka na tsinci kaina a kulob 6 babu As biyu, wani dattijo ya ajiye su a tebur ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, har yau ina ganin fuskarsa. Maganin shi ne a yi tambayar da wuri. In an yarda da kulob, daimon 4 ta zama tambaya, amsoshi huɗun su ne hat 4, sifed 4, notiram 4, kulob 5, babu wadda ta wuce inda za a iya tsayawa. Kickback ake ce masa. A hannunku abokinka zai ce notiram 4, biyu babu Sarauniya, kai kana da biyu da Sarauniyar, ɗaya ce ta ɓace, kulob 6.

Kada kuma wani ya ce notiram 4 kai tsaye a kan notiram 1 yana zaton As yake tambaya. Wannan gayyata ce, in kana da 17 je notiram 6, in 15 ne zauna. Mai son tambayar As a nan kulob 4 zai ce, Gerber.

Barista ya yi tambaya a rubuce kan masu amfani da sifed 2 don neman kulob ko daimon huɗu-huɗu. Akwai wannan tsarin, yana da amfani in kuna wajen maki 31 ko 32, domin yanka guda na kawo ci na 12 da notiram ba za ta bayar ba. Sai dai sifed 2 ba za ta yi aiki biyu ba, ku zaɓi ɗaya. Ni na fi ganin hannu mai launi shida yana zuwa, shi ya sa na riƙe taransifa.

Dakta, ranar Asabar bayan la'asar ka zo da abokin naka da wuri, zan jera muku hannayen nan biyu ku kira su a gabana kafin sauran su iso. Wanda kartata mai jan baya take wurinsa kuma, don Allah ya taho da ita. Sai da safe.