Ana neman ƙanena a Katsina, za a iya miƙa shi?

Malama, kin ce ƙanenki ɗan Maradi ne, ana zarginsa da cin kuɗin hatsi a Katsina, kina tsoron a tsallaka da shi Najeriya ta iyakar Ɗan Isa. Allah ya sawwaƙe.

Zargi kaɗai bai isa ba. Sai gwamnatin can ta nema a rubuce, da takardar kamu da bayanin laifin, sannan kotun nan Nijar ta duba. Yarjejeniyar miƙa waɗanda ake nema ta 1994, ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO), ta bar wa kowace ƙasa zaɓin ƙin miƙa ɗanta, ta kuma hana miƙa wanda ake nema kan siyasa ko wanda za a azabtar. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, don haka ki tambayi lauya abin da ke aiki yanzu.

Ni abin da ke damuna shi ne miƙawar bayan fage. Na ga maƙwabcinmu an ɗauke shi da asuba, ko takalmi bai sa ba, uwarsa tana bin motar da hularsa a hannu. Babu alƙali, babu takarda. Wannan zalunci ne, ko da ya ci kuɗin.

Ki nemo lauya yau, ki tattara rasitansa, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.