Kai Yara Ƙanana Kano Su Ga Garin Mahaifinsu

Ɗan'uwa, ka ce a Kano aka haife ka amma a Legas kake zaune, kuma kana tambaya ko ya dace ka kai yaranka biyu, mai shekara 4 da mai shekara 6, su ga inda ka tashi. Ya dace ƙwarai, sai dai ka zaɓi lokaci, domin zafin Maris zuwa Mayu yana galabaitar da yaron da ya saba da iskar bakin teku, shi kuwa hunturun Disamba da Janairu, duk da hazonsa, ya fi sauƙi idan ka tanadi rigunan sanyi da man kaɗanya. In da hali ku hau jirgin sama, tun da tafiyar ba ta kai awa biyu ba, alhali a mota yini guda ne har da dare.

Kwanan farko na dangi ne, kuma yana da kyau ka koya musu gaisuwa da durƙusawa tun daga gida, don kakanni suna lura da wannan fiye da tsarabar da ka kawo. Bayan haka ka kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake rini da baba, sannan Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar sarki. Kasuwar Kurmi, a ganina, cunkosonta ya yi wa ɗan shekara 4 yawa. Dutsen Dala kuwa da sassafe ake hawansa, kuma ka shirya goyon ƙaramin kafin ku kai sama.