Daɓen kankare mai sheƙi: ina kuɗin yake tafiya?

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan abu ɗaya, wato daɓen kankare da ake gogewa da inji har ya riƙa ɗaukar ido kamar marmara.

Tambaya: Ina gina gida, ban kai ga zuba daɓe ba tukuna. Na ga daɓen kankare mai sheƙi a wani babban kanti, ya shiga raina. An ce mini ya fi tayil arha tunda babu abin da za a saya a shimfiɗa. Haka ne? In haka ne, kuɗin me zan biya?

Amsa: Malam, ka yi tambayar a kan kari, domin wanda bai zuba daɓe ba shi ne yake da ikon rage kuɗin wannan aiki. Maganar arha kuwa rabinta gaskiya ce. Ba za ka sayi tayil ko gam ba, amma za ka sayi lokacin inji da na mai riƙe da shi, kuma nan ne mafi yawan kuɗin yake tafiya.

Injin gogewar yana da nauyi sosai, manyan ciki sukan kai kilo ɗari uku zuwa sama. A ƙarƙashinsa ana ɗaura haƙora masu ɗauke da ɓarɓashin daiman, kuma suna da lamba kamar yadda sanfefa take da lamba: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Ana farawa da haƙoran ƙarfe, lamba 30 ko 40, sai 80, sai 150. Waɗannan su ne masu cin fuskar kankare su daidaita ta. Daga nan a koma faifan roba, lamba 100, 200, 400, 800, har 1500 ko 3000 ga mai son ya ga fuskarsa a ƙasa. Kowace lamba aikinta shi ne share ƙarcen da ta gabanta ta bari, saboda haka ba a tsallake ko ɗaya. In falonka murabba'in mita 100 ne kuma za a bi shi da lamba takwas, injin zai yi tafiyar murabba'in mita 800 ke nan, kuma galibi kowace lamba ana bin ta tsaye da kwance. A tsakiyar aikin, wajen lamba 200, ana fesa ruwan silikat mai ƙarfafa kankare. Yana nutsewa ciki ya haɗu da farar ƙasar da siminti ya saki, ya cike ƙananan ƙofofi, fuskar ta taurare yadda za ta karɓi sheƙi. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita goma zuwa goma sha biyar, gwargwadon ƙishirwar daɓen.

Abu biyu ne kai za ka zaɓa, kuma kowanne yana motsa farashi. Na farko zurfin da za a ci. In an ɗan shafi sama kawai, za ka sami fuska mai launin toka mai gajimare-gajimare. In an ci kamar milimita ɗaya da rabi, ƙwayoyin yashi za su bayyana kamar an barbaɗa su. In kana son tsakuwa ta fito sosai irin ta tarazo, sai an ci kusan milimita shida, kuma wannan shi ne mafi tsada, don yana cinye haƙora yana cinye kwanaki. Na biyu shi ne iyakar sheƙin. Tsayawa a lamba 400 yana ba da sheƙi mai sanyi, 800 yana ba da ƙyalli na sosai. Mu dai a gidan zama 800 muke ganin ya isa, abin da ya wuce nan kuɗi ne da ƙura za ta rufe cikin kwana biyu.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lissafawa, wato gefen bango. Babban inji ba ya kaiwa lungu, yakan bar tazarar 'yan santimita. Wannan sai mutum ya durƙusa da ƙaramin injin hannu ya bi ta, lamba bayan lamba, har ta yi daidai da tsakiya. Ɗauki murabba'in mita 60. In falo ɗaya ne mai mita 6 da 10, gefensa mita 32 ne. In an raba shi ɗaki biyar masu mita 3 da 4, gefen ya zama mita 70. Faɗin bai canza ba, aikin durƙuso ya ninka fiye da biyu. Shi ya sa kantin da ka gani ya biya ƙasa da abin da za ka biya a kan kowane murabba'in mita. Ƙara da cewa kuɗin ɗauko inji da na wuta mai layi uku ko babban janareto duk ɗaya ne, ko aikin babba ne ko ƙarami. Dabarar da take rage wannan ita ce a yi gogewar farko kafin a tayar da bangon ciki, a rufe daɓen da katako mai laushi ko kwali mai kauri, a dawo a ƙarasa bayan an gama fenti.

To ga abin da za ka kula da shi ranar zubi, domin inji ba ya gyara kankare marar kirki, tona asirinsa yake yi. Kaurin daɓen ya kai santimita 10. Ƙarfin kankaren ya kai 25 zuwa 30 a ma'aunin megafaskal, ka sa a rubuta maka wannan a takardar oda. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi don tare danshin ƙasa. Kada ka yarda a ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bajewa. Wannan shi ne babban laifin da muke gani: ruwan yana tasowa sama da garin siminti, fuskar ta zama mai taushi, in inji ya hau sai ta riƙa marmashewa. A baje shi daidai, yadda in ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 3 ba za ka ga ramin da ya wuce milimita 3 ba, don kuwa inda ya yi tudu inji zai ci har tsakuwa ta fito, inda ya yi kwari ba zai taɓa ba, daɓen ya fito dabbare-dabbare. Cikin sa'o'i 6 zuwa 18 da zubi a yanka layukan tsaga, tazarar mita biyu da rabi zuwa uku da rabi, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen. Kankare sai ya tsage in yana bushewa, layukan nan suna nuna masa inda zai tsage ne. A riƙe shi da laima aƙalla kwana bakwai, a jira kwana 28 kafin gogewa.

In ka yi haka, kuma wurin yana da faɗi, yana iya zuwa daidai da tayil mai matsakaicin kyau ko ƙasa da shi. A ƙananan ɗakuna kuwa, sau da yawa tayil ne zai fi maka sauƙi.

Tambaya: Zan gyara shagona. 'Yan kwangila biyu sun ba ni farashi, na ɗaya ya kusa ninka na ɗayan, kuma dukansu sun ce daɓe mai sheƙi za su yi mini. Wane zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, kafin ki ɗauki kowa, ki tambaye su lamba nawa za su bi. Zatonmu shi ne ba aiki ɗaya suke sayar miki ba. Mai arhar da alama zai goge sau biyu ko uku ne, ya tsaya wajen lamba 80 ko 100, sannan ya shafa ruwan rufi mai ƙyalli, akirilik ko ifoksi ko makamancinsu. Ranar da aka gama ba za ki bambance su da ido ba. Amma a nasa sheƙin fata ce a bisa kankare, takalmi da jan kaya za su ƙarce ta, hanyar da aka fi bi ta dusashe, bayan 'yan shekaru a sake shafawa, ki kwashe kaya ki rufe shago. In kuma akwai danshi a ƙasa, fatar takan yi fari ko ta kumbura ta saɓule. A na mai tsadar, kankaren kansa ne yake sheƙi, babu abin da zai ɓare.

Ba muna cewa na farkon zamba ba ne. In shagon haya ne kuma ba ki san ko za ki daɗe ba, ko kina sayar da mai da sinadarai masu barin tabo, rufin yana da amfaninsa, yana ma tare tabo fiye da gogaggen kankare. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar miki da shi da sunan ɗayan.

Ki sa kowannensu ya rubuta miki lambar farawa da ta ƙarshe, irin ruwan ƙarfafawa, ko gefen bango yana cikin jinga, ko cike layukan tsaga da ƙananan ramuka yana ciki, wa zai kawo wuta, wa zai kwashe ƙura ko taɓon gogewa. Sannan ya yi miki gwaji a murabba'in mita ɗaya ko biyu a wani lungu na daɓenki, har ƙarshe. Hoton aikin wani wuri ba zai gaya miki yadda naki kankaren zai fito ba. Ki riƙe wani kaso na kuɗin har ki duba aikin da rana, ki sunkuya ki kalli hasken ƙofa a kan daɓen. Nan ne ƙarce mai zagaye yake bayyana in an tsallake wata lamba.

Tambaya: Gidana tsoho ne, tayil ɗin ya farfashe. Zan iya cire shi in goge abin da ke ƙasa?

Amsa: Malam, wannan ne aikin da ya fi ba da mamaki wajen kuɗi, don babu wanda ya san abin da ke ƙasa sai an ɓalle. Ka cire tayil uku ko huɗu a wurare daban ka duba. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin tayil ba kankare ba ne, shafen yashi da siminti ne mai kaurin 'yan santimita da aka yi don daidaitawa. Ka ƙarce shi da ƙusa. In ya yi gari cikin sauƙi, ba zai ɗauki sheƙi ba. Ka kuma ƙwanƙwasa, inda ya yi ƙarar rami ya rabu da na ƙasa.

Ko da kankare mai kyau ka tarar, akwai kuɗin kankare gam, da na toshe ramukan da sara ya bari. Facin ba ya taɓa yin launi ɗaya da tsohon kankare. Sannan inuwar layukan tayil takan zauna a jikinsa, murabba'i-murabba'i, gogewa ba ta cika share ta ba. Wasu suna son wannan kamanni, wasu ba sa iya zama da shi, ka san wanne ne kai tun kafin ka biya.

Ka gwada danshi: liƙa leda mai santimita 45 da 45 a kan daɓen, ka rufe gefunanta da salatif, ka bar ta sa'o'i 16. In ka ga raɓa a ƙarƙashi ko wurin ya yi duhu, ruwa yana tasowa. Mafita in daɓen bai dace ba ita ce a zuba sabon shafe na musamman da aka yi don gogewa, kaurin kamar milimita 10. Yana fitowa da kyau, amma buhunsa yana da tsada, yana kuma ɗaga daɓen, wataƙila sai an rage ƙofofi. A irin wannan hali sabon tayil yakan fi araha, kuma babu laifi ka koma masa.

Tambaya: In na yi hayar inji na yi da kaina fa?

Amsa: Ɗan'uwa, ba mu ba ka shawara ba, sai dai in gareji ne ko sito inda ƙarce ba zai dame ka ba. Injinan haya galibi ƙanana ne, ba su da nauyin da zai daidaita daɓe, kuma zaɓen haƙora yana da ilimi: kankare mai tauri yana son haƙori mai taushin riƙo (wato wanda abin da ya riƙe daiman ɗinsa yake da taushi), mai taushi yana son mai taurin riƙo. In ka juya su, ko haƙoran su ƙare cikin sa'a guda, ko su yi sulɓi su ƙi ci. Babbar damuwarmu ita ce ƙurar. Tana ɗauke da garin silika, wanda yake zama a huhu ya jawo ciwon da ba ya warkewa. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Ko a goge da ruwa, ko a haɗa injin da na'urar zuƙar ƙura mai matata ta musamman, tare da takunkumi na gaske. Wannan sharaɗin ka gindaya wa ɗan kwangila ma, saboda yaransa da iyalinka.

Tambaya: Mahaifiyata ta manyanta, ina tsoron santsi. Kuma yaya ake kula da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. In daɓen a bushe yake kuma a share, yana riƙe ƙafa fiye da yadda ƙyallinsa yake nunawa. Da ruwa ya zuba ko ƙura ta kwanta, yana sulɓi kamar kowane daɓe mai laushi. Saboda haka banɗaki da bakin ƙofar waje kada a yi musu shi, ɗakin Mama kuwa a tsaya a lamba 400, a sa darduma mai roba a ƙasa kusa da gado. Ki sani kuma yana da tauri da sanyi a ƙafa.

Kulawarsa ba ta da tsada. Shara kullum, domin yashin da takalmi yake shigowa da shi sanfefa ne. Goge da ruwa da sabulu marar kaifi. Abin da yake kashe sheƙin shi ne tsami: ruwan lemon tsami, ruwan khal, ruwan batir, da sinadarin wanke masai. Duk wanda ya zuba a goge shi nan take, in ya kwana zai bar farin tabo wanda sai inji ya sake bin wurin. Mai ma yana nutsewa in an bar shi, don haka a kicin ki sa a ƙara ruwan kariya mai shiga ciki bayan gogewar ƙarshe, a riƙa sabunta shi duk lokacin da kika ga ɗigon ruwa ya daina tsayawa dunƙule a kan daɓen.