Motar da ke yi wa 'yan'uwanta gargaɗi: in ƙara kuɗi ko in haƙura?

Wani mai karatu ya rubuto cewa dillali ya nuna masa motoci biyu. Ɗaya ta fi tsada saboda tana aika gargaɗi ga motocin da ke kusa idan ta taka birki da ƙarfi ko ta shiga santsi, ita ma kuma tana karɓar nasu. Yana so ya san ko ta cancanci ƙarin kuɗin.

Malam, kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi dillalin ta wace hanya saƙon ke tafiya, don hanyoyin biyu ne.

A ta farko, mota da mota suke magana kai tsaye ta rediyo, a zangon gigahaz 5.9, ba ruwansu da layin waya. Kowace tana shelanta inda take, gudunta da inda ta dosa, har kusan sau goma a daƙiƙa ɗaya. Volkswagen ta sa wannan a Golf ta takwas da ta fito a 2019, kuma saƙon na iya kaiwa mita 800. Ka ƙaddara tirela ta tare maka gani, can gaba wani ya taka birki. Motarka za ta ji kafin idonka ya gani, kuma wannan 'yar tazarar tana iya ceton rai. Shi ya sa nake son fasahar ƙwarai.

A ta biyu, saƙon yana bi ta intanet zuwa rumbun bayanai na kamfanin motar, sannan ya sauko wa sauran motoci. Haka Volvo ta fara a Suwidin da Norway a 2016, da gargaɗin santsi da na motar da ta kunna fitilun haɗari. Inda sabis ya ɗauke, gargaɗin ma ya ɗauke.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan motocin da kuke bin hanya tare ba su da irin na'urarka, babu mai jin ka, babu mai gaya maka komai. Ga kuma saɓanin tsari a hanya ta farko, wato ta rediyo. Amurka ta ware megahaz 75 na zangon rediyo domin wannan aiki a 1999, amma a 2020 ta miƙa 45 ga Wi-Fi, ta bar 30 ga sabon tsarin maganar motoci mai suna C-V2X. Tsohon tsarin, mai suna DSRC, wanda Cadillac CTS ta 2017 ta zo da shi, ba ya jin yaren sabon. Mai sayen mota ta hannu ya kula da wannan sosai.

Saboda haka, idan kuɗinka na abu ɗaya ne, zaɓi motar da ke taka birki da kanta idan ta hango karo, don kyamararta da radarta ba sa jiran kowa. Idan mai tsadar tana da duka biyun, dillali ya nuna maka a rubuce cewa gargaɗin yana aiki a ƙasar da za ka tuƙa ta, kuma ya faɗa maka ko akwai kuɗin sabis da za a riƙa biya bayan 'yan shekaru.